Mindif: Yadda ake gyara tsohon banɗaki da kuɗi kaɗan kafin damina

A gidaje da dama na Mindif, garin da ke gindin sanannen dutsen nan mai kama da haƙori, kimanin kilomita 25 kudu da Marwa, banɗaki ɗan ƙaramin kewaye ne a kusurwar gida: katangar ƙasa, ramin masai da aka rufe da itatuwa aka daɓe, sai wurin wanka a gefe. Idan magidanci ya sami 'yan sefa bayan girbi, abin da ya fi jan ido shi ne tayil da fenti irin na gidajen Garwa. Amma wanda kuɗinsa ba su da yawa, da abin da ke ƙarƙashin ƙafa ya kamata ya fara.

Dalili kuwa yana cikin ƙasar yankin. Baƙin laka da Fulani ke kira karal, wanda ake dasa masakwa a kai, yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsattsage da rani. Ramin da aka haƙa a irin wannan ƙasa bakinsa yakan zube a hankali, gara kuma na cin itatuwan da ke riƙe da daɓen. Daga sama ba a ganin komai, sai ranar da ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa, daɓen ya rufta, wani lokaci da yaro a kai. Mutanen Arewa Mai Nisa kuma ba su manta da kwalarar 2010 ba, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin.

Don haka kafin a sayi komai, a duba ramin. In abin da ya rage ya cika bai wuce rabin mita ba, gyara asara ce: a rufe shi da ƙasa, a haƙa sabo, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. In da sauran zurfi, birkila ya ɗaure bakin ramin da bulo ko duwatsu, waɗanda Mindif ba ta rasa su ba, sannan a ɗora murfin siminti mai rodi a maimakon itatuwa. Ma'aunin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Siminti ne kawai ke cin kuɗi sosai, duk da cewa masana'antar Cimencam tana nan Figuil, kan hanyar Garwa zuwa Marwa. Yashi ana samu a mayo da rani. Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan zubawa: dole a riƙa jiƙa murfin har kwana 7, a lulluɓe shi da buhu, domin zafin Maris da Afrilu yana busar da siminti tun bai yi ƙarfi ba.

Abu na biyu shi ne ruwan wanka. Kada a bar shi ya gangara cikin masai, domin yana cika ramin da wuri, yana kuma sassauta bangonsa. A karkatar da daɓen wurin wanka kaɗan zuwa magudana, ruwan ya fita zuwa ramin da aka cika da duwatsu. A inda laka ya yi ƙarfi har ruwa ba ya nutsewa, gara a bi da shi gindin wata bishiya da a sake shi kan lungu ya zama gidan sauro.

Wari da ƙudaje kuwa bututu ɗaya ke maganinsu. Dabara ce da Peter Morgan ya fito da ita a cibiyar bincike ta Blair da ke Zimbabuwe a shekarun 1970. Ana kafa bututu mai faɗin milimita 110 daga ramin, ya zarce rufi da rabin mita, a ɗaure raga a bakinsa. Iska na jan wari ta sama, ƙudajen da ke cikin rami su bi haske su maƙale a raga. Sai dai aikin ba ya yiwuwa sai ɗakin na da rufi kuma cikinsa da ɗan duhu. Kewayen da ba shi da rufi, murfin katako mai mariƙi a bakin masai ya fi masa amfani.

Tsohuwar katangar ƙasa ba sai an rushe ta ba. Siminti ba ya kama ta da kyau, yakan ɓamɓare, shi ya sa magina ke kafa ƙusoshi ko ragar waya kafin su shafe ƙasan bango, inda ruwa ke fantsama. Saman kuwa yaɓe da farar ƙasa sun isa. In da ragowar kuɗi, a sa ƙofar kwano da sakata, a ajiye buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa. Tayil, musamman mai sulɓi da ke kayar da tsofaffi, zai iya jira sai girbin baɗi.