Azumin Rage Ƙiba: Sirrin Yana Cikin Kwanon Buɗa-Baki

Duk wanda ya ratsa kasuwar Arzèkè ta Parakou da yammacin watan Ramadan ya san yadda take cika daga la'asar zuwa magariba. Masu ƙosai da masa sun hura wuta, ana soya wagashi, ga robobin zoɓo da kunu cike da sukari. A Djougou ma haka abin yake. Mun saba ganin magidanci ya kame baki fiye da awa 13 kullum har wata guda, amma ranar Salla ya tarar tumbinsa yana nan yadda ya bar shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi tunani kafin mu rungumi abin da ake yayi yanzu, wato azumin rage ƙiba.

Wannan salo ya bazu ne bayan shekarar 2012, lokacin da wani likita ɗan Ingila, Michael Mosley, ya gabatar da shi a talabijin na BBC. Tsarinsa shi ne mutum ya ci abinci yadda ya saba kwana 5 a mako, sauran kwana 2 kuma ya taƙaita ga kalori 500 zuwa 600, abin da bai wuce ƙaramin kwano ɗaya ba. Akwai kuma masu barin ci na awa 16, su ci cikin awa 8 da suka rage. Hikimar ita ce, idan ciki ya daɗe babu komai, sukarin da hanta ta ajiye yakan ragu, sai jiki ya koma ƙona kitse.

To, amma me bincike ya nuna? A shekarar 2022 likitoci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa masu ƙiba 139 tsawon shekara guda. An rage wa kowa yawan abinci daidai wa daida, sai dai an hana rabinsu ci in ba tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma ba. Waɗannan sun rage kimanin kilo 8, sauran kuwa kilo 6 da ɗoriya, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Ashe dai yawan abin da ya shiga ciki shi ne magana. Wanda ya wuni da yunwa, sannan ya zauna gaban malmalar sakwara uku da daddare, ya mai da abin da ya zubar har da riba.

Ya kamata kuma mu bambanta abubuwa biyu. Azumin Litinin da Alhamis ibada ce, niyyarsa don Allah ake yin ta, lafiyar jiki kuwa kyauta ce da ke biyo baya. Mai neman rage ƙiba kawai, shi yana iya shan ruwa da shayi marar sukari duk wuni, kuma a zafin watannin Maris da Afrilu wajibi ne ya sha.

Gargaɗinmu mafi girma ga masu ciwon suga ne. Wanda ke shan magani ko allurar insulin, idan ya daina cin abinci ba tare da likita ya gyara masa ma'auni ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa har ya suma, wani lokaci ma a rasa rai. Haka nan masu juna biyu da masu shayarwa da yara da masu gyambon ciki, kada su fara sai sun ga likita.

Ga sauran 'yan'uwa, shawararmu mai sauƙi ce: a rage sukari a kunu, a rage soye-soye, a yawaita ganye da wake, a taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa maimakon hawa babur. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.