Batman a Cikin Tankar Yaƙi: Ta Dace da Shi?

Tun da kamfanin Rocksteady na Landan ya fitar da wasan Batman: Arkham Knight a 2015 ake ta muhawara kan motar Batman, wadda da danna maɓalli ɗaya take rikiɗewa ta koma tankar yaƙi mai igwa. Batman kuwa an san shi da ƙin bindiga da ƙin kisa, domin harbe iyayensa aka yi a gabansa.

Masu kare wasan suna da hujja. Yawancin tankokin da yake tarwatsawa babu kowa a cikinsu, daga nesa ake sarrafa su, idan kuma ya saita mutum, harsashin da ba ya kisa ne ke fita. Sukan ƙara da cewa tun 1986 Frank Miller ya zana motar kamar tanka a littafinsa The Dark Knight Returns. Duk gaskiya ne, amma batun kisa kaɗai suka amsa. A wasannin baya, Arkham Asylum da Arkham City, Batman kan laɓe a sama cikin duhu, ya sauko ya sure 'yan bindiga ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kyarma suna harbin iska. Tsoron nan shi ne makaminsa, tankar da ba ta da direba kuwa ba ta san tsoro ba. Ko a littafin Miller, fitowa ya yi daga motar ya tunkari shugaban 'yan daban da hannu.

Inda matsalar ta fi fitowa fili shi ne karonsa da abokin gabarsa Deathstroke. A wasan Arkham Origins na 2013 gaba da gaba suka gwabza, naushi da sanda. A Arkham Knight sai aka cusa shi cikin tanka, mai wasa yana kewaya tituna yana neman bayan tankoki ya harba.