Rokokin da Aka Riƙa Harbowa Ƙasa da Gangan

A farkon shekarun 1950 injiniyoyin Amurka sun riga sun iya tura roka sama. Dawowarta ce ta hana su barci. Makami mai linzami da zai tsallake teku dole ya fita daga iskar da ta lulluɓe duniya, sannan ya faɗo cikinta da gudun dubban kilomitoci a awa. A irin wannan gudu iskar da ke gabansa ba ta samun sukunin kaucewa, sai ta matse ta ɗauki zafin da ke narkar da ƙarfe.

Kowa ya zaci kai mai tsini kamar mashi ne zai tsira. H. Julian Allen na cibiyar bincike ta Ames da ke Kalifoniya ya ce ba haka ba ne. Tun 1951 lissafinsa ya nuna cewa dakusasshen kai mai faɗi yana tura matsattsiyar iskar can gabansa, ta yadda mafi yawan zafin zai wuce tare da ita bai taɓa jikin makamin ba. Shi da Alfred Eggers suka rubuta rahoto a 1953, gwamnati kuma ta ɓoye shi a matsayin sirrin soja.

To amma lissafin takarda bai isa a dogara da shi ba, kuma babu ɗakin gwaji da zai iya haɗa wannan gudu da wannan zafi a lokacin. Nan ne kamfanin Lockheed ya ƙera X-17, roka mai hawa uku da aka riƙa gwadawa a Cape Canaveral ta jihar Filorida daga 1955 zuwa 1957. Dabarar tana da ban mamaki. Hawa na farko ne kaɗai ke kai ta sama. Idan mansa ya ƙare, sai ta ci gaba da hawa da ƙarfin da ta ɗauka har ta wuce kilomita 100, ta juyo da kai ƙasa. Sai ta shigo iska mai kauri sannan hawa na biyu da na uku su kama, su ingiza ta ƙasa har ta kai kusan ninki 14 na gudun sauti. Cikin ɗan lokacin da ya rage kafin ta faɗa teku, na'urorin da ke kanta suna aiko da ma'aunin zafi ta rediyo. Turawan Ingila ma sun bi wannan hanya da rokarsu Black Knight, wadda aka fara harbawa a Woomera ta Ostireliya a 1958.

Sojojin ƙasa na Amurka, ta hannun ƙungiyar injiniyan roka Wernher von Braun a Huntsville, sun gwada wata dabarar: a lulluɓe kan da abin da zai riƙa ƙonewa yana zubewa kaɗan-kaɗan, yana tafiya da zafin. Ran 8 ga Agusta 1957 rokar Jupiter-C ta ɗauki irin wannan kai, ya je ya dawo, sojojin ruwa suka tsamo shi daga Tekun Atlantika. Bayan tauraron ɗan Adam na Tarayyar Soviet, Sputnik, ya girgiza Amurka, Shugaba Eisenhower ya nuna wannan kai a talabijin ran 7 ga Nuwamba don kwantar wa jama'a hankali.

Kada a manta, ba don ɗan Adam aka fara wannan aiki ba, don bam ɗin nukiliya ya isa inda aka nufa aka yi shi. Sai a Satumban 1959 aka gwada garkuwar zafi ta kumbon Mercury, wanda daga baya ya dawo da ɗan sama-jannati John Glenn lafiya a 1962.