Jami'ar Ahmadu Bello da Tushen Darajarta a Fagen Bincike

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zo zancen darajar jami'a, akan ba da misali da tsofaffin jami'o'in Ingila, wato Okusfod, wadda aka fara karatu a cikinta tun wajen 1096, da Kambirij, wadda ta kafu a 1209. Sai dai ba tsufa kaɗai ya ba su wannan suna ba. Abin da ya ɗaukaka su shi ne binciken da malamansu suka yi, da ɗaliban da suka yaye. A cikin wannan takarda za a auna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wannan ma'auni, a nuna inda darajarta ta samo asali, da kuma abin da ke iya rage ta.

Kafuwar Jami'ar

An buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba 1962, bayan rahoton hukumar Ashby na 1960 a kan ilmi mai zurfi. Ba daga fili aka fara ta ba. An haɗa makarantun da suka riga suka kafu ne, kamar kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, da makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Norman Alexander ne ya fara shugabantarta, sa'an nan Ishaya Audu ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975.

Binciken Aikin Gona

Tashar Samaru ta girmi jami'ar da shekara 40, domin tun 1922 aka kafa ta. A nan ake tace irin shuka, a gwada shi shekara da shekaru kafin a sake shi ga manoma. Ire-iren auduga da gyaɗa da masara da dawa masu sunayen SAMCOT da SAMNUT da SAMMAZ da SAMSORG duk daga can suka fito. Saboda haka manomin Kankiya ko Kusada da ya shuka ingantaccen iri yana cin moriyar jami'ar, ko da bai taɓa taka Zariya ba. Da cutar kuturtar gyaɗa ta yi ɓarna a Arewa a 1975, wannan cibiya ta himmatu ga neman irin da ke jure mata.

Akwai kuma binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi a ƙauyukan kewayen Zariya tun daga tsakiyar shekarun 1960. A da, ma'aikatan gona sun ɗauki haɗa gero da dawa da wake a gona guda a kan rashin sani. Binciken ya nuna cewa wannan dabara tana rage hasara in damina ta yi gardama, kuma takan fi kawo riba a kan shuka iri guda. Wato jami'a ce ta je ta koyo daga manomi.

Binciken Tarihi

Ɓangare na biyu shi ne sashen tarihi, ƙarƙashin Abdullahi Smith. Shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a 1964 ya tattara rubuce-rubucen Larabci daga hannun malamai da gidajen sarauta. A 1970 Smith ya buga wata maƙala da ta nuna cewa labarin Bayajida bai isa ya bayyana kafuwar daulolin Hausa ba, sai an duba bunƙasar ƙauyuka da garuruwa da birane. A wannan shekara kuma aka kafa Gidan Arewa a Kaduna. Daga wannan makaranta aka sami Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, wanda aka buga littafinsa a kan tarihin ƙasar Katsina a 1981. Muhimmancin aikinsa shi ne ya tilasta wa manazarta su riƙa tuhumar bayanan Turawa kamar yadda suke tuhumar labarin baka.

Abin da Ke Rage Daraja

In aka lura, ayyukan nan biyu sun dogara ga abu uku: kuɗin da ba ya yankewa, da malaman da suka daɗe a wuri guda, da tambayoyin da suka taso daga ƙasar da jami'ar ke zaune. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sayen littattafai da kayan gwaji daga waje ya yi wuya, malamai da dama kuma suka bar ƙasar. Gwajin iri da aka katse shekara guda kan koma farko, ɗalibin da ya rasa mai duba aikinsa kuwa ba ya zama magaji.

Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu, mu malaman kwalejojin horon malamai, domin mafi yawan abin da muke koyarwa a kan ƙasarmu daga irin wannan bincike ya fito. Har yanzu akwai tsofaffin littattafai a zaurukan malamai, da tarihin garuruwa a bakin dattawa, da dabarun noma a gonakin ƙasar Katsina waɗanda ba a rubuta ba. Ya kamata kwalejojinmu su ɗora ɗalibai a kan tattara su, su kuma ƙulla hulɗa da Samaru da Gidan Arewa don adana abin da aka samo, tun masu shi suna raye.