Ko Kun Sani? Waƙar da Ta Sa Mutane Neman Taimako

A shekarar 2017, mawaƙin Amurka mai suna Logic ya fitar da wata waƙa wadda sunanta shi ne lambar wayar da masu tunanin kashe kansu ke kira don neman agaji a ƙasar a wancan lokacin. Bidiyonta ya nuna wani matashi da rayuwa ta yi wa zafi, amma ya ɗauki waya ya kira, ya tsira.

Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2021 ya duba kwanaki 34 da waƙar ta fi tashe, wato bayan fitowarta da bayan rera ta a bukukuwan MTV da Grammy. An samu ƙarin kira 9,915 a kan yadda aka saba, kuma waɗanda suka kashe kansu sun ragu da mutum 245 daga adadin da aka yi hasashe.

Masana sun lura cewa nuna wanda ya shiga ƙunci ya fita yana ƙarfafa zuciyar mai kallo, bayyana hanyar da wani ya bi ya halaka kansa kuwa yana jawo kwaikwayo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fina-finai a 2019.