Idan Na'urar Ƙanƙara Ta Ƙi Daskarar da Ruwa

Duk wanda ya ratsa Boɗinga da Shagari a lokacin bazara ya san darajar ƙanƙara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma akwai gidajen da ke samun na cefane ta hanyar sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi. Saboda haka ranar da aka buɗe firiza aka tarar ruwa bai daskare ba, an tafka asara.

Abin da akan fara zargi shi ne gas ya ƙare ko kwamfuresa ta mutu. To amma wani lokaci laifin na wani ɗan abu ne da bai fi ƙwayar wake ba, wato ma'aunin sanyi da masu gyara ke kira sensa. Shi ne ke sanar da na'urorin zamani lokacin da kwamfuresa za ta tashi ko ta huta.

Yaya yake aiki? An yi shi ne da sinadarin da ke turje wa wucewar lantarki. Idan ya ɗumama turjiyar takan ragu, idan ya yi sanyi ta ƙaru. Michael Faraday na Ingila ne ya fara lura da wannan ɗabi'a a 1833. Alal misali, wani nau'i da ya yawaita yana nuna om 10,000 a digiri 25, sannan kimanin 32,000 a digiri 0, inda ruwa ke daskarewa. Idan wayarsa ta tsinke, na'ura na iya ɗauka sanyi ya kai maƙura, sai ta tsaya alhali ruwa na nan tsululu. Idan kuwa wayoyin suka haɗe, sai ta ɗauka zafi ne, ta yi ta aiki ba hutu.

Kafin a taɓa shi, a duba ko wuta na da ƙarfi, ko robar murfi ta saki, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe bututun da ke fitar da zafi. In duk lafiya, a zare filogi, a ciro sensa, a haɗa shi da mitar awon lantarki. A tsoma kansa cikin ruwan da aka cika da ƙanƙara na minti biyar, a duba lamba, sannan a dunƙule shi a hannu. Mai lafiya lambarsa za ta riƙa sauka sannu a hankali. Idan ta kafe, ko ta nuna sifiri, ya lalace.

Ba a gyara shi, sauyawa ake yi, kuma dole sabon ya dace da lambar tsohon. Don haka mai karatu ya nemi a yi wannan awo tukuna, kafin ya biya kuɗin gas ko na kwamfuresa.