Noman Da Ba Ƙasa: Ina Ribarsa?

Tun 1929 wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wai shi Gericke, ya fara shelar ana iya noman tumatir ba tare da ƙasa ba. Watau a narka taki cikin ruwa, a tsoma saiwar shuka a ciki, ko kuwa a kafa ta cikin yashi ko ɓuntun shinkafa a riƙa shayar da ita ruwan takin. Lalle shuka tana yi, kuma ba ta cin ruwa kamar lambu, domin wanda ya saura akan mai da shi. To, saura lissafi.

Farko dai taki. Na buhu da ake zuba wa masara ba ya wadatarwa, don a gona ƙasa ce take cika abin da ya rasa. Nan kuwa sai an sayi na musamman, yawancinsa daga waje, ga shi tun 2023 da darajar naira ta faɗi kayan waje suka yi tsada ainun. Sa'an nan famfon da ke juya ruwan cikin bututu yana son lantarki kullum. In wuta ta ɗauke da tsakar rana a bazara, kafin la'asar saiwa ta bushe, jari ya tafi. Ruwan kuma in ya yi ɗumi iskar cikinsa takan ragu, saiwa ta ruɓe. Akwai dabarar da wani Kratky ya fitar a Hawayi, wadda ba ta son famfo, sai mazubi da murfi, amma ta fi dacewa da latas da irinsa.

Kada a ce yawan jari ne magani. Kamfanin AppHarvest ya gina rumfar gilashi mai eka 60 a Jihar Kentaki ta Amurka don tumatir, amma a 2023 bashi ya karya shi.

Babbar magana ita ce mai saye. Da rani, sa'ad da kwandunan Kadawa suka cika kasuwannin Kano, wa zai ƙara ko kwabo don an ce wannan tumatir a bututu ya girma? Mai fadama, wanda ƙasa da rana suke masa aiki kyauta, ko kusa mai bututu ba zai iya karya farashi kamarsa ba. Inda ake sa ran riba shi ne da damina, lokacin da tumatir ya yi wuya, ko kuwa ga mazaunin birni wanda ba shi da fili, in ya riga ya daidaita da otal ko babban kanti su riƙa karɓar latas da kokwamba kowane mako.

Masu kiwo kuma ana kwaɗaita musu tsirar da masara cikin faranti, wai kilo 1 ya zama kilo 6 cikin mako guda. Haka ne a sikeli, amma fa ƙarin nan ruwa ne. In aka shanya tsiron aka auna, ba ya kai nauyin hatsin da aka jiƙa.